Abin da Baba Ya Ce da Hannun Hagu

Na sha wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Jinyar Baba ta wata bakwai ta ci gonata, ta ci bayana. Amma kwana ukun zaman makoki sun fi wata bakwai ɗin nan nauyi a kaina.

Ni kaɗai ne ɗansa namiji. Ni na yi masa wanka tare da liman, ni na shiga kabari na karɓe shi. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna inda ɗa ke zama. Mutane suka fara zuwa, daga cikin Anka, daga Bukkuyum, har da mota guda cike daga Gummi. Su ba ni hannu, su ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Sai su wuce ni, su je su durƙusa gaban taubashina, ɗan Goggo ƙanwar Baba, su riƙe hannunsa biyu su daɗe. A can ake hawaye. A can ake ba da labari.

Wani tsoho da ban taɓa gani ba ya dogaro sanda ya yi tambaya da ƙarfi: "Ina ɗan Mai-inji?" Mai-inji shi ne sunan da ƙasar nan ta san Baba da shi. Kafin in buɗe baki, mutum uku sun nuna masa taubashina. Shi kuma bai ce a'a ba. Daga baya ya ce wai bai ji tambayar ba. Zai yiwu, don kunnensa ɗaya ya mutu tun tuni. Ni dai ban yarda ba.

Tsohon ya zauna kusa da shi ya ce, "Ubanka shi ya riƙe muna rediyo. Duk ran da ta ɗauke, cewa mukai Mai-inji ya tahi salla, a jira shi." Aka yi dariya, aka share ido. Ni ma na yi dariyar, don ana kallona.

Ina rubuta wannan ne don jikokin Baba ba su san ko wane ne shi ba. Su a ganinsu rediyo cikin waya take zaune. Kuma in na bar labarin a bakin ɗan Goggo, to ni ba zan fito a ciki ba.

A dajin da ke tsakanin Bukkuyum da Gummi, bisa wani tudu, gwamnati ta kafa wani dogon ƙarfe tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Shi ke kamo maganar gidan rediyo daga birni, ya ƙara mata ƙarfi, ya watso wa ƙauyukanmu. Babu wutar lantarki a dajin, sai manyan janareto guda biyu. Baba ne mai kula da su. Injiniyoyi su zo su tafi, shi yana nan. Sati biyu a tashar rediyon, kwana biyu a gida.

In ya dawo, warin man gas ke riga shi shigowa zaure. Ba ya magana sai da ihu, don ƙarar inji ta cinye masa kunne, ko gaisuwar asuba sai maƙwabta sun ji. Komai da bayan hannu yake taɓawa: tukunya, bango, cikin akuya, goshin yaro. Zafi yake ji, ya san lafiyar abu. Kuma bai taɓa zama ya saurari rediyo ba. In aka tambaye shi labarin duniya, tunda shi ke rabo da ita, sai ya ce, "Ni ban san abin da ag ga ciki ba. Nawa dai kar ta mutu."

Ɗan Goggo ya dawo gidanmu ne da ubansa ya rasu. Sa'ana ne, mun fara zama samari. Wata rana Baba ya kai mu wurin injin niƙa na unguwa. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna mini ƙotar a bayan kunne, ya ce, "Mi kaj ji?" Na ce ƙara. To me zan ji? Ya manna wa ɗan Goggo. Ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce, "Kawu, akwai abin da ya kwance ciki, yana lilo." Washegari Baba ya ɗora shi bayan keke zuwa tasha. Ni ya ce mini, "Gida na hannunka, da gona, da Innarka."

Shi ke nan. A ƙofar injin niƙa aka raba mu, cikin minti ɗaya. Ban taɓa taka tashar nan ba duk tsawon aikinsa. In na roƙa, sai ya ce wurin gwamnati ne, ba wurin yawo ba.

A ɗakin janareto ba a jin maganar baki, don haka su biyun suka ƙirƙiri maganar hannu. Juya dunƙulallen hannu, a tayar da inji. Murza yatsu, a duba mai. Dafa maƙogwaro, ruwa. Waɗannan ukun na sata da ido. Sauran sun fi ɗari, kuma ba na aiki kaɗai ba ne. Mu zauna mu uku a kwano ɗaya, Baba ya ɗan karkata yatsa, ɗan Goggo ya ƙyalƙyale har tuwo ya sarƙe shi. In na ce me aka ce, sai ya ce, "Ci tuwonka, bawana, maganar manya ta." Wasan taubasai ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi da shi. Ni na yi fushi, na haɗiye, shekara da shekaru.

Na taɓa kai ƙara wurin Inna. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni da ya aura, kalma nawa ka ji ya gaya min?"

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da Baba, kuma ni na jawo. Lokacin an riga an rufe tashar, ya dawo gida ya zauna. Zinariya ta ɓarke a yankinmu, kowa na ɗauko dutse daga rami yana niƙawa. Na sayi injin niƙan dutse na kafa a tsakar gida. Gaskiya ba zinariyar kaɗai nake so ba. So nake Baba ya gan ni tsaye kan inji. Na tayar da shi na kira Baba. Ya zo da ɗan Goggo a bayansa. Bai ko kalli injin ba. Ƙurar ya bi da ido, yadda take sauka kan randa da faifan tuwo. Ya shafa bayan hannu a murfin randar ya duba. Ya ce, "Fid da abin ga daga gida."

Na ce, "Don ba ɗan Goggo ya kawo shi ba ko?"

Ya ce in fitar.

Na ce masa bai taɓa ɗaukata ɗa ba, mai gadin gida ya ɗauke ni. Da ihu na faɗa don ya ji, kuma ya ji, unguwa ma ta ji. Ya juya ya yi wa ɗan Goggo wata alama, suka fita. Damina guda ba mu haɗa kwano ba.

Shi ma bai san akwai gubar dalma a dutsen ba. Ƙura ce kawai bai yarda da ita kusa da abinci ba. Yara suka fara sanƙarewa. 'Yar autata ta tafi, ba ta ko iya kiran sunana daidai ba. Da ma'aikatan lafiya suka ce sai an kankare ƙasar gidaje an fitar, sai ga Baba da shebur tun da safe. Tsoho ne a lokacin. Kwana uku yana kankarar tsakar gidana da ɗakin uwar yarinyar, yana cika buhu, ya hana kowa karɓar shebur ɗin. Ina jiran ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ran na uku da ya gama, ya zo inda nake zaune ya ɗora mini bayan hannunsa a wuya, ya ɗan jima, ya tafi. Abin da na samu daga gare shi ke nan, kuma har yau ina jin wurin.

Ciwon ƙarshe ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗauke bakin gaba ɗaya. Hannun hagu kaɗai ya rage. Ni ke juya shi, ni ke kai shi bayan gida a goye, ni ke wanke zanen. Amma in ya ɗaga hannun nan ya yi magana, sai in tsaya kamar gunki. Dole na kira ɗan Goggo daga Gummi, inda yake gyaran janareto, ya rufe shagonsa ya tare a gidanmu. Wata bakwai ina tambayar wani ƙato abin da ubana ke cewa. "Mi yac ce?" Ya ce kunun ya yi zafi. "Mi yac ce?" Ya ce a juya shi gabas. Wani lokaci su yi ta yi su biyu, Baba na dariya da rabin fuska, ni ina riƙe da fo.

Ranar da zai cika, bayan la'asar, muna zaune gefensa kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗaga hannun da ƙyar. Ya shimfiɗa tafin ƙasa-ƙasa ya ja shi gefe sau biyu. Ya zana da'ira da yatsa. Sannan ya miƙo yatsan wajenmu. Na ce, "Mi yac ce?" Ɗan Goggo ya kau da kai ya ce, "Ba komai." Kafin magariba Baba ya tafi.

Da ba komai ɗin nan na zauna makoki. Ana ba ni hannu ana wucewa, ni kuma maganar ubana ta ƙarshe tana cikin wani yana zaune a kanta. Ko yafe mini ya yi? Ko albarka ya sa? Ko cewa ya yi har yanzu bai manta abin da na faɗa a tsakar gida ba?

Ranar sadakar bakwai na tare shi bayan masallaci. Na ce, "Kurma, ko ka faɗa min ko mu raba zumunci yau."

Ya ce, "Ba ta hwaɗuwa nan. Sai mun tahi tasha."

"Dajin ga? Kana so a ɗauke mu?"

"In tsoro kaka ji, bawana, zauna gida. Ka saba."

Na so in mare shi. Na hau bayan babur ɗinsa.

Dajin nan yanzu ba na kowa ba ne, kowa ya sani. Mun bar babur a ƙauyen ƙarshe. Maigarin ya ce kwana biyu an samu sauƙi, amma mu shiga da hantsi mu fito kafin la'asar, kuma in mun ji babura mu kwanta cikin ciyawa. Kaka ce, gamba ta fi mutum tsawo, ta fara ja. Ɗan Goggo na gaba yana ɗingishi, don gwiwarsa ta lalace, amma ko sau ɗaya bai tsaya neman hanya ba. Ya nuna wata kanya ya ce nan Kawu ke jingine keke. Ya nuna wani kwari ya ce nan suka taɓa kashe mesa. Na ce ban tambaye shi ba.

Sai ga ƙarfen. Tun ina yaro nake hango shi a raina, amma ban zaci ya kai haka ba. Sai da hulata ta faɗi. Jan fenti da fari duk sun koɗe, shaho ya yi sheƙa can tsakiya. Wasu kaurara wayoyi sun sauko daga jikinsa ta fuska uku, kowace an ɗaure ta a dunƙulen siminti cikin ƙasa. Su ke riƙe da shi.

Ɗakin janareto babu rufi, babu ƙofa. 'Yan gwangwan sun kwashe komai, har wayar bango sun ƙwaƙule. Inda injinan suka zauna sai ƙusoshi tsaye cikin siminti. A gefen ƙofa akwai baƙin tabo a bango daidai kafaɗa, inda Baba ke dafawa in zai cire takalmi. Na auna tafina a kai. Nasa ya fi nawa.

Bayan ɗakin na ga murhu, duwatsu uku. Na ga bishiyar lemun tsami da ya shuka, ta yi 'ya'ya sun zube babu mai tsinta. Na ga masallacinsu, jerin duwatsu a ƙasa, an fitar da alƙibla. Na tsaya na auna shi da ido. Wurin mutum biyu ne cif. Ko da na zo a lokacin, babu inda zan tsaya.

Ɗan Goggo ya je ya manna kunnensa mai rai a jikin waya ɗaya, ya rufe ido, irin rufewar da ya yi a ƙofar injin niƙa. Ya ce, "Tana nan da ƙarfinta." Hawaye na bin gemunsa. Ni ko ɗigo ban yi ba. Haushi ya hana.

Na ce, "To ga mu. Mi yac ce?"

Ya zauna kan simintin ya miƙe ƙafar. Ya ce ko bayan an rufe tashar, duk kaka sai sun zo su biyu. In wutar daji ta ci ciyawar da ke gindin wayoyin nan, zafi na sassauta su, tsatsa ta shiga, wata rana iska ta kwantar da ƙarfen. Don haka sukan sare ciyawar, su share kewayen kowane siminti, kafin masu farauta su fara sa wuta. Babu wanda ya sa su. Babu wanda ya san suna yi. Har bara sun zo.

Na ce, "Bara? Cewa ya yi za shi Gummi duba Goggo."

"Ya duba ta. Bayan mun gama."

Sai ya ɗaga hannun hagu ya shimfiɗa tafin ƙasa-ƙasa, ya ja gefe sau biyu. "Wanga, sare haki." Ya zana da'ira. "Wanga, kewaye gindin waya." Ya sauke hannun.

Na ce, "Shi ke nan? Ciyawa?"

"Shi ke nan."

Na zauna a ƙasa. Na haura hamsin ina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan. Na yi masa noma, na riƙe masa gida, na goya shi kamar jariri. Da zai tafi, ciyawa ce a ransa.

Na ce, "To mi ya hana ka faɗa tun ranar? Ciyawa ce abin ɓoyo?"

Ya murza gwiwa. Sannan ya ce, "Akwai na ukku. Yatsan."

"Mu biyu ya nuna."

"Kai ya nuna." Bai kalle ni ba. "Na san hannun Kawu. In ni yaka nuhi, ba ya miƙa yatsa, haɓa yaka ɗagawa. Tun muna samari haka na. Bai taɓa nuna ni da yatsa ba. Kai na."

Na ce ko don ya ga ƙafarka ta mutu ne.

Ya ce, "Zai yiwu. Na yi ta gaya ma kaina haka." Ya share hanci da hannun riga. "Ni nis san wurin ga. Ni nib ba shi kunnena. Kai ko hanya ba ka sani ba. Na so in zo in sare abina, in bar ka da ba komai har ka mutu. Wallahi na so."

Ban taɓa sanin shi ma yana da abin da ke cinsa ba. Kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Allah ya yafe mini, a gaban masallacin ubana na ji daɗin ganin ɗan'uwana yana kuka. Amma daɗin bai kai ko'ina ba. Na ce, "Kai ya ba ka inji, ya ba ka sana'a, ya ba ka maganarsa. Ni ya ba ni lauje."

Ya nuna ɗakin da babu rufi ya ce, "Ina injin?"

Na tsinci lemu biyu na sa aljihu. Da rana ta karkata ya ce mu tashi. A hanya ya ce in na shirya in kira shi, ranar Asabar ko Lahadi, ya zo ya nuna mini yadda ake yi, don akwai ƙa'ida, ba sara ba ne kawai irin na manoma. Na ce to.

Har yanzu bakinsa kaɗai gare ni. Ko gaskiya ya faɗa game da yatsan, ko tausayina ya ji ya ƙaga, babu wanda zan tambaya. Mutum biyu ne suka san yaren a duniya, ɗaya yana ƙasa.

Allah ka jiƙan Baba. Ya tsare abin da aka ba shi tsaro har bayan masu shi sun manta da shi. Ka yafe masa shirunsa, ka yafe mini ihuna. Ka sanyaya masa makwanci, shi da ya ƙare rayuwarsa yana duba zafin abubuwa.

A Bukkuyum muka rabu. Na ce masa mota zan shiga zuwa Anka. Ya kama hanyar Gummi, na tsaya har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Ban shiga motar ba. Gidan surukina na sauka.

Da safe bayan salla na ari lauje da adda, na wasa su a dutsen ƙofar gida. Na kashe wayata don kar ya kira. Ɗan acaba ya kai ni ƙauyen ƙarshe, maigari ya ce ina ɗan'uwan naka, na ce yana da uzuri. Sau biyu na ɓata hanya kafin na hango kanyar. Na fara da wayar gabas. Ɗan Goggo bai faɗa mini faɗin da ake sharewa ba, ni kuma ba zan tambaye shi ba. Na ƙirga taku goma daga simintin, na duƙa na fara sara.